Adakar Dada Ta Isa Gida

Ishiyaku Direba ya yi shekara goma sha ɗaya yana jan baƙar mota a New York, ba a taɓa jin ya goge wa wani fenti ba, ba a taɓa jin ɗan sanda ya tsayar da shi ba. Mutum ne mai gudun laifi fiye da yadda ake gudun maciji. Irin mutanen nan ne da in sun tsinci kwabo a hanya sai su ɓata yini suna cigiyar mai shi, su dawo gida ba cefane. Ana yabon irinsu a zaure, amma a je a tambayi matansu.

Mutumin Gezawa ne, ɗan fari a wurin uwarsa Khadijatu. To, kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a can. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Ranar da aka yaye shi, yayar ubansa ta zo da zanen goyo ta saɓa shi a baya ta tafi, ba wanda ya ce mata don me. Ita ce Dada. Aure uku ta yi ba ta taɓa ko ɓari ba, ta gaji da shan saiwoyi ta dawo ɗakinta tana kaɗi tana daddawa. Sunan ubanta aka sa wa yaron, saboda haka bakinta bai taɓa furta Ishiyaku ba. Babana take ce masa.

Ita ta yi jinyarsa da ƙyanda ta kusa tafiya da idonsa. Ita ta sayar da tasoshinta na aure guda shida ya koyi mota ya yanki lasin. Khadijatu kuwa ta haifi bakwai a bayansa, in ya je gaishe ta sai ta juya wa ƙofa baya ta ce wa wata ƙanwarsa, "Ba wa wancan ruwa." Bai taɓa jin haushi ba, haka ya tashi ya ga ana yi.

Tuƙi ya kai shi Legas, ya kama aiki wurin wani babban ma'aikaci, Alhaji Dikko. A shekarar sittin da uku Alhaji ya sami kujera a wata babbar ƙungiya ta duniya a New York, ya ce ba zai amince wa Bature da wuyansa a kan titi ba, ya taho da direbansa. Bayan shekara biyu aka kawo wa Ishiyaku matarsa Rabi, suka kama haya a unguwar Mount Hope, hawa na huɗu, gidan da matakalarsa ke warin kabeji rani da damina. Hausawan da ke birnin a lokacin tabarma biyar ta ishe su sallar Idi.

Ana nan sai ga wasiƙa daga gida: ruwan Agusta ya kayar da ɗakin Dada, tana kwana a ɗakin ajiyar dawa na gidan ƙanenta. Ishiyaku ya karanta a cikin mota, ya kasa tayar da ita. Da Alhaji ya fito ya tambaye shi, ya ce yana so ya kawo uwarsa.

"Wacce daga ciki?" in ji Alhaji.

"Dada, ranka ya daɗe."

Alhaji ya jinjina kai. Ya ce dokar ƙasar ba ta ba direba damar kawo gwaggo ba, amma shi ta ba shi damar kawo mai aikin gida. A rubuta ta a matsayin mai aikinsa, in ta sauka ta wuce Mount Hope, shi ke nan.

"Ranka ya daɗe, Dada ce fa. 'Yar aiki?"

"Takarda ce kawai, Ishiyaku. Takarda ba ta magana."

Ya sa hannu a inda aka nuna masa. A Kano aka kai Dada ta dangwala yatsa a inda aka nuna mata, aka ce mata izinin zuwa wurin ɗanta ne. Da mai yin fasfo ya tambaye ta shekarunta, ta ce tana goye Turawa suka ci Kano, ya ƙirga da yatsu ya rubuta.

Jirgin sama ya kawo ta, ta sauka a JFK ba ta gane gabas ba. Ta yi amai tun daga Kano, salloli uku suka kuɓuce mata, aka ɗaure ta da igiya a kujera kamar akuyar kasuwa. Tun kafin ta amsa gaisuwa ta kama rigar Ishiyaku ta rantse da Alƙur'ani ba za ta ƙara shiga wannan abu ba, da rai ko ba rai.

Shekara biyar da 'yan watanni ta yi a hawa na huɗu. Ta sa kujera a bakin taga kusa da bututun ɗumama ɗaki, tana kaɗa audugar kemis da mazarin da ta zo da shi. Sau ɗaya ta gwada daddawa da waken suya, maƙwabta suka kira mai gidan haya wai wani abu ya mutu a bango. Jikokinta biyu in ta yi musu Hausa su mayar mata da Turanci, ta ce, "Babana, waɗannan kai ka haife su ko rediyo?" Duk wannan ta jure. Abin da ya karya ta shi ne rasuwar wani ɗalibi Bakatsine. Ta tsare Ishiyaku da ya dawo daga jana'iza sai da ya faɗa mata komai: an sa shi a akwati, an sayi ramin da kuɗi, an haye kogi da shi an yi tafiyar awa guda da rabi, an binne shi a inda ba wanda zai wuce ya ce Allah ya ji ƙansa.

Ta tashi ta jawo adakarta daga ƙarƙashin gado. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, akwai likkafaninta. Ita ta kaɗa zaren da hannunta damina biyu, masaƙin unguwarsu ya saƙa mata, wata maƙwabciya da ta dawo daga Makka ta yayyafa masa zamzam. Ta ɗora a cinya ta ce, "Wannan ba na akwati ba ne. Ka mai da ni Gezawa, kusa da Baba."

"To Dada, jirgi..."

"Na rantse. Ka nemo wata hanya. Mutanen da da ƙafa suke zuwa Makka."

Mahaman ne ya samo hanyar. Kuku ne a gidan wani jami'i, mutumin Damagaram mai jefa Faransanci a magana, mai baki kamar reza, abokin cin tuwon Ishiyaku ran Lahadi. Ya zo da wata takarda mai hoton jirgin ruwa fari fat. Ya ce tsofaffin Turawa masu kuɗi ne ke shiga su gudu daga sanyi, su yi ta yawo a teku suna cin abinci sau biyar a rana, ana tsayawa da su gari gari suna ɗaukar hoton mutane. Sau ɗaya a shekara yake bi ta Dakar har Legas, kuma ana iya sauka a can.

"Bon, ɗakin ƙasa za ku kama, wanda kifi ke leƙowa," in ji Mahaman. "Tsohuwa ta shimfiɗa buzunta ta yi salla har ta gaji. Sai dai kuɗin, aboki, za ka ji a haƙarƙari."

Ya ji kuwa. Shekara biyu Ishiyaku yana wanke motocin mutane ran hutu, Rabi tana guga a gidan wanki, nama ya koma na Juma'a kaɗai. Ya ci adashi, ya haɗa da duk abin da ya taɓa ajiyewa, a watan Nuwamba na saba'in da uku ya shiga ofishin masu sayar da tikiti ya zube dala dubu da ɗari shida, na mutum biyu. Jirgi zai tashi ran Asabar, sati guda bayan Babbar Salla.

Matar da ke kan teburin, wata mai gashi kamar an kifa mata ƙwarya, ta ce masa ya sani fa, in ya rage sati biyu a tashi kamfani ba ya mayar da ko sisi. Amma akwai inshora, dala arba'in. Ta duba fasfon Dada ta ce wannan ta haye saba'in, ba a yi mata. Sai dai shi a yi masa, a ɗora kuɗin tikitin duka biyu a kansa tunda shi ya biya. In ciwo ya kwantar da shi, ko matarsa, ko ɗansa, ko ubansa, ko uwarsa, har tafiya ta fasu, za a biya shi tsaf.

"Ko uwata?" in ji Ishiyaku.

"Ko uwarka."

Ya biya yana murna, ya ce wa kansa yau ya yi dabara irin ta masu ilimi. Bai ce mata ga uwar tasa a fasfon da ke hannunta ba, don a ganinsa wannan ko makaho ya sani. Ita ma ba ta tambaya ba, ta karɓi kuɗinta. Da ya yi wa Dada bayani a gida ta riƙe haɓa.

"Wato ka kai wa Nasara kuɗi ka ce ku yi caca a kan lafiyata? In na kwanta ka ci, in na tashi ya ci?"

"Ba haka ba ne, Dada."

"To yaya ne? Allah ya shirye ka, Babana."

Ran Laraba aka ce a kai manyan kaya tashar jirgin ruwa, don su ake fara zubawa a cikin jirgi. Dada ta ce a ciro mata likkafaninta ta riƙe a hannu. Ishiyaku ya riga ya ɗaure adakar da igiya ta ko'ina, an manna mata lamba, mota na jira a ƙasa ana yi masa ham.

"Haba Dada, wa ke shiga jirgi da likkafani a hammata kamar mai neman mutuwa? Kwana uku ne fa, kina sama yana ƙasa, tare za ku tafi."

Ta bi adakar da kallo har aka sauka da ita.

Ran Alhamis da hantsi tana zaune tana raba wa Rabi 'yan tarkacen da ba za ta tafi da su ba, ta miƙo mazari sai ya faɗi. Ta sunkuya ta ɗauka, ba ta ɗago ba. Kafin Ishiyaku ya iso daga aiki an kai ta asibiti, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace.

Ran Juma'a ya ruga tasha ya ce a ba shi adaka. Suka ce tana can ƙasa, kayan mutum ɗari huɗu a kanta, ba mai tono ta, sai dai a sauke ta a Legas. Ya je wurin mai gashin ƙwarya, ta nuna masa layin da ta karanta masa tun farko, ta ce ai shi ya sa ta ba shi shawarar inshora, ya gode wa Allah. Ran Asabar jirgi ya yi kuka ya fita da tsofaffin Turawa suna ɗaga hannu, Ishiyaku yana zaune a barandar asibiti da hularsa a gwiwa.

Bayan kwana goma bakin Dada ya ɗan buɗe, magana tana fita da nauyi amma ana ganewa. Likita ya ja Ishiyaku gefe ya ce zuciyar ta gaji, wata biyu ko uku, kuma wani bugun na iya zuwa ko yaushe. In ana so a kai ta gida, yanzu ne. Za ta iya shiga jirgin sama a kwance, a sayi kujeru uku a haɗa, a ɗauki nas. Ishiyaku ya koma bakin gado yana neman ta inda zai fara, sai ta riga shi.

"Na ji. Ko a saman ne, kai ni. Rantsuwar ka ciyar da miskinai goma."

Ka ji fa. Shekara biyar ana lallashinta ta ƙi, yau ta yarda, kuɗin kuma suna cikin teku. Abin da za a kashe bai wuce abin da inshora za ta biya ba. Ya kai takardar likita, ya cike fom, aka ce ya dawo ran Talata ta sama.

Ran Lahadi Mahaman ya zo, ya ci tuwo ya suɗe hannu, sannan ya ce, "Ka saurare ni. Mutanen nan aikinsu ke nan su nemo ƙofar da za su fita. In sun tambaye ka mi take gare ka, uwarka ce. In sun ce ita ta haife ka, ita ta haife ka. A Gezawa wa ke da takardar haihuwa? Liman ma ba shi da ita."

"Ai uwata ce."

"Ban ce maka ai ba. Na ce ita ta haife ka. Faɗi in ji."

Ishiyaku ya yi dariyar yaƙe, ya ce Allah dai ya sa kada a kai ga haka. Rabi tana bakin ƙofar kicin ta ce, "Malam, ka faɗa mana ya ji." Ya yi kamar bai ji ta ba.

Mutumin inshora ba mugu ba ne a fuska. Wani siriri ne mai tabarau, har ya tashi ya ba Ishiyaku hannu ya ce yana taya shi jimami. Ya buɗe fayil ya ce abu ɗaya ne ya tsaya masa. Asibiti sun kwafo daga fasfon mara lafiya cewa mai aikin gidan wani Dikko ce. Shi kuma Ishiyaku ya rubuta uwa. Wanne ne?

Takardar da aka ce ba ta magana, ga ta ta buɗe baki a hawa na goma sha biyu.

Ishiyaku ya yi bayani da Turancinsa na direba, gumi yana bin bayansa a cikin sanyin Janairu. Mutumin ya saurara, ya ce ya gane, ba yau ya fara ganin irin wannan ba, kuma shi ba ma'aikacin shige da fice ba ne. Ya zaro wata takarda ya tura masa. Ya ce tunda ƙasarsu ba a rubuta haihuwa, akwai mai rantsarwa a ofishin gaba. Ya ɗaga hannu ya rantse cewa wannan mata ita ta haife shi, ya sa hannu, shi kuma zai tura fayil sama.

"Ita ta haife ka, ko?"

Alƙalami yana hannunsa. Abin da ya zo masa a ido bayan Khadijatu ne, ta juya wa ƙofa baya, tana cewa a ba wa wancan ruwa. Tana nan da ranta a Gezawa. Ta yi naƙudarsa kwana biyu, haka aka gaya masa. Mutum ya ɗaga hannu ya kira sunan Allah ya ce ba cikinta ya fito ba? Da wane baki zai gaishe ta? Da wace ƙafa zai tsaya ran tsayuwa?

Ya ajiye alƙalamin ya ce, "Ba ita ta haife ni ba. Amma ita ce uwata."

Mutumin ya cire tabarau ya goge. Ya tambaya ko kotu ta ba ta shi a rubuce.

"Kotu? Da zanen goyo ta zo."

"To mece ce ita a jini?"

"Yayar ubana."

Mutumin ya juyo da takardar inshora ya bi layin da yatsa a hankali, kamar mai koya wa yaro: mata, ɗa, uba, uwa. Babu yayar uba. Babu mai aiki. Ya rubuta abin da Ishiyaku ya faɗa kalma kalma. Da ya ga mutum ya kasa tashi daga kujera, ya ce akwai ƙofa ɗaya ƙarama: in shi Dikkon zai rubuto cewa matar ba ta taɓa yi masa aiki ba, tsohuwa ce da ke ƙarƙashin Ishiyaku tun zuwanta, zai gwada kai wa manyansa, bai yi alkawari ba.

Gaskiya Ishiyaku ya faɗa. Allah ya ba shi ladanta, don ita dai ko dala ɗaya ba ta ba shi ba.

Washegari ya faɗa wa Alhaji Dikko a mota, yana kallonsa ta madubi. Alhaji ya dube shi ya ce:

"Ishiyaku, ka san abin da kake nema? In rubuta da hannuna cewa na yi wa hukumar ƙasar nan ƙarya? Kujerata za ta tafi, kai ma taka ta bi ta. Wa ya ce ka je kana ba su tarihi?"

"Ranka ya daɗe, kai ka ce takarda ce kawai."

"Na ce. Dubi gabanka, fitila ta ba mu hannu."

Da za su rabu ya zaro dala hamsin ya ce a sai wa tsohuwa lemo.

A ɗakin da Dada ke kwance akwai wata mai gyaran gado, Hajara, 'yar zangon Kumasi, mai Hausar nan da ba ta raba mace da namiji. Ita ke juya ta, ita ke ba ta ruwa, Dada ta saba da ita don ita kaɗai ke jin maganarta a duk asibitin. Baiwar Allah ba da mugunta ba, tana gyara mata matashi ta ce, "Mama, kai da tsufanka haka har yanzu kana aikin gida? Na gani a katinka. Mutanen nan ba su da tausayi." Dada ta sa ta maimaita. Da Rabi ta kawo kunu da azahar, Dada ta riƙe mata zane da hannun hagu ta ce ba za ta saki ba sai ta ji komai. Rabi tana kuka ta zazzage mata, har da zancen rantsuwa.

Ishiyaku ya shigo da la'asar da lemon Alhaji a leda. Ya durƙusa ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ya sake.

"Wa kake gaisarwa? 'Yar aikin Dikko?"

"Dada, don in kawo ki ne. Ba yadda..."

"Na sani. Ban ce ka yi laifi ba." Ta huta, miyau yana zubowa ta gefen da ya mutu, ya kai hannu zai goge ta kau da kai. "Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Ranar da aka ce ka rubuta ni baiwa, hannunka ya yi rawa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Bai yi ba. Ka sa hannu ka je ka ci tuwo. Sai ranar da aka ce ka rubuta ni uwa, ran nan tsoron Allah ya sauko maka."

"Rantsuwa ce, Dada. Inna tana da rai."

"Tana da rai, tana da bakwai. Ni shekara arba'in da uku ina jiran wani ya yi kuskure ya ce ni na haife ka. Ko a kasuwa aka ce ɗanki, sai wata ta gyara ta ce ɗan riƙonta. Sau ɗaya aka ba ka alƙalami." Ta rufe ido. "Tashi ka tafi, Ishiyaku."

Bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Sunan ubanta ne, ta fi shekara sittin tana kewaye shi. Ya fita baranda ya dafa bango.

Da safe ya riga masu shara isa ofishin inshora. Ya ce wa mai tabarau ya kawo takardar, zai rantse, da Alƙur'ani ma in suna da shi. Mutumin ya dube shi da tausayi, irin tausayin da ba ya cin kuɗi. Ya ce ai ya riga ya rubuta abin da ya faɗa shekaranjiya, fayil ya hau sama an rufe. In ya rantse yanzu a kan akasin haka, ba kuɗi zai samu ba, ɗauri zai samu. Ya raka shi har bakin lif.

Mahaman ya zage shi tas, sannan ya cire hularsa ya bi gidajen Hausawa da ita, daga University Heights har Harlem. Ɗalibai suka ba da na abincinsu, Hajara ta ba da albashin sati, Rabi ta sayar da warwaronta. An haɗa kuɗin kujera ɗaya da rabi, ana neman sauran, bugu na biyu ya zo ran wata Litinin a cikin Maris. Tun ranar lemon nan Dada ba ta ƙara yi masa doguwar magana ba. In ya zo takan bar masa hannun hagu ya riƙe, iyakarta ke nan. Babana kuwa bai ƙara ji ba.

Rabi da Hajara suka yi mata wanka. Farin yadi aka yanko a kanti, irin wanda ake zanen gado da shi. Aka sa ta a akwati don haka dokar wurin ta ce, aka haye kogi da ita, tafiyar awa guda da rabi, kuɗin kujera ɗaya da rabi suka sayi rami. A takardar mutuwa, wurin da ake rubuta dangantakar wanda ya karɓi gawa, ma'aikacin ya tambaye shi me zai sa. Ishiyaku ya ce ɗa. Mutumin ya rubuta bai ko ɗago kai ba, ba rantsuwa, ba tambaya. A nan kyauta ne.

Bai ƙara wata uku a wurin Alhaji Dikko ba. Ya ajiye makulli ba faɗa, ya koma jan tasi, yawanci layin JFK. Shi ke kai masu tafiya gida, ya sauke musu akwatuna, su ce Malam Ishiyaku yaushe za ka leƙa, ya ce sai an kwana biyu. Duk Juma'ar farkon wata yana haye kogi ya tsaya a kan kabarin, ya cire ciyawa, ya dawo.

Adaka kuwa ta yi tafiyarta lafiya lau. Ta ga Dakar, ta sauka a Legas, wani ɗan'uwan Mahaman ya karɓe ta ya sa a jirgin ƙasa zuwa Kano, motar kasuwa ta kai ta Gezawa har ƙofar gida. Aka raba zannuwa, aka ajiye abin da ke ƙasa.

A shekarar saba'in da bakwai wasiƙa ta zo daga ƙanensa, Ishiyaku ya buɗe ta a layin tasi. Inna Khadijatu ta rasu ran Alhamis bayan gajeriyar jinya, an binne ta a maƙabartar gidansu, kusa da kakansu. Ƙanen ya ce kada ya damu da aiko da komai na sutura, don sun sami wani likkafani a adakar da ya aiko shekarun baya, saƙin hannu mai kyau, har mata suna ta tambayar inda aka samo shi. Ya ce kowa ya sa masa albarka, an ce ɗan fari ya yi wa uwarsa abin da ya kamata.

Na bayansa ya yi masa ham, layi ya matsa. Ishiyaku ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu, ya fita ya buɗe wa fasinja but.